Sallah ta uku ke nan ba na gida, in sayi tikiti ko in turo kuɗin?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan guruf. Admin a min afuwa na san nan wajen maganar koyarwa ne da tallan gurabe, amma abin nan ya tsaya min a rai tun jiya ban yi barcin kirki ba. Waɗanda suka san ni sun san ina koyar da Hausa a wata jami'a a nan ƙasar Sin tun Satumban 2023, na taho ne bayan yajin aikin nan na 2022 da ya ci wata takwas, ga cire tallafin mai ya zo ya ƙarasa mu. To babbar sallar bana ita ce ta uku da za ta riske ni a nan. Waɗanda suka riga ni zuwa sun ci sa'a, a lokacinsu layya Yuli take faɗowa ko Agusta cikin dogon hutu, ni kuwa ina zuwa ta zame ta dawo Yuni, bana ma ƙarshen Mayu, tsakiyar karatu yara na shirin jarrabawa. Kuma nan ranar idi rana ce kamar kowace, ba hutu.

Shugabar sashenmu mutuniyar kirki ce, ta ce in ina so in tafi na sati ɗaya in na dawo na rama darussan. Wato kwana bakwai, a cire ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa ta Addis Ababa, biyar ke nan a gida. Tikitin kuma ya haura albashina na wata, kuma kuɗin da ke hannuna na rufin ɗan ginin da nake yi a Janguza ne, ga damina ta kawo kai.

Abin da ya tayar min da maganar, jiya na kira gida Hajiya tana ta lissafin sallah, wane zai je Wudil ranar Juma'a ya sayo raguna, wane zai yanka, wane zai kai cinya gidan Gwaggo a Sheshe, wane zai kwashi yara yawon gaisuwa. Ta gama lissafinta kaf ban fito a ciki ba. Shekarar farko kuka ta yi, ta biyu ta tambaye ni ko zan samu zuwa, bana ko tambayar ba ta yi ba, cewa kawai ta yi ka dai turo da wuri kafin raguna su tashi. Wallahi ba kewar ce ta dame ni ba, na saba da ita. Tsoro nake ji kar a ce gidanmu sun saba da rashina. To me kuka gani, in zo ko in turo?

Ɗan Kurna:
Malam ka gode wa Allah kawai. Mu da muke nan cikin Kano ana lissafi da mu, to lissafin me? Ni shekara biyu ke nan kaza nake yankawa a gidana kuma ina aji kullum tun bakwai da rabi. Kai ana ce maka turo kuɗin RAGUNA, ba ma rago ba, kana cewa ba ka yi barci ba. Ka turo musu kuɗi ka rufe gininka, sallah bikin ɗaya rana ce.

Na Ƙofar Mata:
Tsaya tukunna, Baban Ilham ba kai ne ɗan fari ba? To dama yaushe Hajiya ta taɓa faɗin sunanka da za ka ce ba ka fito a lissafi ba hhhh

Baban Ilham:
Hhh Allah ya shirye ka. Ni ne, amma ai akwai yadda take cewa, “yayan naku”. To ko yayan naku ban ji ba jiya.

Maman Sadik:
Ni bari in yi magana a matsayin wadda aka bari a gida, don kullum ɓangaren matafiyin ake ji. Abban su Sadik yana Mbale ta Uganda, shirin TAC na gwamnatin tarayya mai tura ma'aikata ƙasashen waje ne ya kai su na shekara biyu, su can ma ana ba su hutun idi kuma awa biyu ce kawai tsakaninmu, kun ga da sauƙi a kan na Malam. Amma ku tambaye ni yadda na yi layyar bara. Kuɗi ya turo isassu Allah ya saka masa, aka sayo rago saura kwana shida, ni ce dusa ni ce harawa ni ce tashi cikin dare in na ji ya yi kuka don kar a haura a ɗauke. Ranar sallah mahaucin da muka yi da shi tun saura sati bai zo ba sai bayan azahar, saboda duk gidan da namiji ya tsaya a ƙofa yana kiransa can ya fara zuwa, ni kuwa sai dai in aika Sadik ɗan shekara tara. Maƙwabta har sun fara suyar kayan ciki namu ragon yana tsaye yana kallonmu. Da aka zo rabo kuma nan ne abin, dangin miji kowa da inda yake ganin ya kamata a kai, in ka kai nan ba ka kai can ba ka yi laifi, shi kuma yana waya yana cewa a yi yadda ya dace. Malam kuɗi yana sayen rago amma ba ya riƙe ƙafarsa. In da hali ka zo.

Maman Hanan:
Ni kuma Anti ban bi ki ba a nan gaskiya. Nawa maigidan yana Saudiyya shi ma koyarwa, kuma shekarar da ya ce zai zo sallah ni na hana shi, na ce a zuba dakin. Duk wadda ta zauna gidan haya a Kano mai gida yana aiko yaro duk shekara da sabon farashi ta san me nake faɗa. Kwana biyar fa, kafin ya huce gajiyar jirgi ya gama gaishe-gaishe an fara haɗa masa jaka, matar gidan ma ba za ta gan shi ba sai sha ɗayan dare, kuma ba tikiti kaɗai ba ne, duk wanda ya ji ya sauka daga Chana tsaraba zai sa rai, barka da sallarsa ma ba irin ta kowa za a karɓa ba. Ruwa kuma in ya sauka a kan bulo ba rufi shekara guda, asarar ta fi kewar.

Maman Sadik:
Gini ana sake shi 'yar uwa.

Maman Hanan:
Da wane kuɗin? Buhun siminti nawa ne yanzu?

'Yar Gwale:
Duk kun tsallake tambaya ɗaya. Baban Ilham ka tambayi Maman Ilham kuwa? Me ta ce?

Baban Ilham:
Na tambaye ta. Cewa ta yi “duk yadda ka gani”.

'Yar Gwale:
Tab. To ai ta gama magana.

Na Ƙofar Mata:
Ta gama magana da me? Ai ta bar masa zaɓi ke nan.

'Yar Gwale:
Kai da ganinka ba ka yi aure ba. Duk yadda ka gani kala uku ce, akwai ta ka zo, akwai ta kar ka zo, akwai ta ni na gaji da wannan maganar. A murya ake ganewa. Malamin Hausa guda da ke koya wa 'yan Sin karin sauti ai bai kamata wannan ta wuce shi ba.

Baban Ilham:
Malama a WeChat ne fa kuma sabis yana yankewa, karin sautin bai iso ba.

Malam Na Banjul:
Salam. Ni ina Gambiya shekara ta biyu, lissafi nake koyarwa a sakandare. Mutane suna ce min ai kai ba ka da matsala ƙasar musulmi ce, kuma gaskiya ne, babbar sallah Tobaski suke ce mata ƙarama kuma Koriteh, gari yana cika da raguna daga Senegal da Mali, yara suna bi gida gida suna karɓar salibo kamar dai namu na barka da sallah, ba wanda zai bar ka ka ci abinci kai kaɗai, bara gida huɗu aka kira ni kowanne an cika min faranti da dafa-dukar shinkafarsu benachin. Amma in gaya muku gaskiya wannan ɗin ya fi min ciwo. Gara inda ba a san ana yi ba, ka shiga aji ka fito rana ta wuce. Nan kuwa komai irin na gida ne sai dai ba gidan ba ne, kana zaune a tsakar gidan mutane kana kallon tsohuwa tana yi wa jikokinta faɗa a kan hanta, da yaren da rabi kake ji, sai ka ga cokali ya tsaya maka. Na shiga banɗakin mutane na yi hawaye na wanke fuska na fito, ƙato da ni.

Baban Ilham:
Malam kar ka ce gara, kowa dai da irin tasa. Bara na je idi unguwar Niujie a nan Beijing inda tsohon masallacin nan yake da ya haura shekara 1000, musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui sun cika wajen da fararen huluna ga mahauta ga masu soye-soye, wallahi abin sha'awa. Na sa shaddata da hula zanna bukar, a jirgin ƙasa mutane sai ɗaukata hoto suke. Aka idar na ci taliyar naman sa a wani shago na koma na shiga aji ƙarfe biyu da babbar rigar a jikina, darasin ranar ma gaisuwar sallah na mayar da shi, yara ashirin suna ce min barka da sallah malam, Allah ya maimaita mana. Na ji daɗi, amma awa bakwai muke gaba da ku, lokacin da na dawo ɗaki na zauna ku kuma sannan ake saukowa daga idi a Ƙofar Mata, kowa yana ta kansa, in na kira a ɗaga a ce bari a gama fiɗa a kira ka. Kafin su natsu bayan isha'i ni nan ukun dare ta wuce. Haka na kwana da waya a ƙirji.

Sannan su nasu bikin na sabuwar shekara a Janairu ko Fabrairu, shi ne ake ba mu dogon hutu, makaranta ta zama kufai kowa ya tafi garinsu. Ina zuwa gida a lokacin, to amma ka zo Kano tsakiyar sanyi yara suna makaranta kowa yana wajen nemansa, kai kaɗai ne mai hutu, ka zama kamar baƙon da ya zo biki bayan an kwashe rumfa.

Injiniya Na Sharaɗa:
Ka yi haƙuri kaɗan lissafi yana gefenka. Sallah tana ja baya da wajen kwana 11 duk shekara, zuwa 2029 da 2030 ƙaramar sallah a Fabrairu za ta faɗo, daidai hutun nasu. Ka ga sai ka yi azuminka ka yi sallarka a gida ba ka roƙi kowa izini ba.

Baban Ilham:
Injiniya a 2029 Ilham tana da shekara 11, ta wuce a ɗora ta a wuya kallon hawa.

Ɗan Kurna:
Wane hawan? A babbar sallar 2024 da sallolin 2025 ma ai dakatar da shi aka yi, mu da muke gari ba mu ga Daushe ba ba mu ga Nassarawa ba balle Fanisau. Ba abin da ka rasa. Kuma kowa ya san waɗanda suka jawo mana

Admin:
Ɗan Kurna tsaya nan. Maganar masarauta da siyasa ba a guruf ɗin nan ba, mun sha faɗa. Wanda ya ƙara zan goge. A ci gaba da maganar Malam.

Na Ƙofar Mata:
Ni ma fa na yi sallah a ƙasar waje, shekara ɗaya na koyar da turanci a Maraɗi.

Injiniya Na Sharaɗa:
Ƙasar wajen da ake zuwa a motar haya ta Jibiya a dawo a ci tuwon dare a gida? Zauna don Allah.

Na Ƙofar Mata:
Ka raina ne, amma ka je ka ga yadda suke bankare raguna a jikin itace a jera su a kewaye wuta tun rana har dare, ba irin suyarmu ta kasko ba. Har yau ban ci nama mai daɗin wannan ba.

'Yar Gwale:
Bari in faɗi nawa tunda an taɓo. Na je Amurka a shirin Fulbright na masu koyar da harshe, shekarar karatu ɗaya. Na sauka Agustan 2018 ban cika sati biyu ba aka yi babbar sallah, ko hanyar kanti ban gama ganewa ba. Ƙaramin gari ne, a ɗakin wasan ƙwallon kwando aka yi idin, 'yan Pakistan da Somaliya da Larabawa, aka idar aka ba mu shayi da wani fanke mai huda a tsakiya kowa ya shiga motarsa ya tafi aiki. Shi ke nan fa sallar. Ba rago ba hayaƙi, masu layyar ma gona suke tafiya can bayan gari ko su tura kuɗi ƙasarsu. Na bar 'yata tana shekara uku wajen Ummata, aka turo min hotonta da lalle da kitso da 'yar jakarta, hannun da ya riƙe ta a hoton ba nawa ba.

Amma abin da na fi so in faɗa ba wannan ba ne. Kai Malam da ka tafi neman halak ka je, kowa addu'a yake maka. Ni wata tara kacal na yi, da izinin mijina da na iyayena, amma ranar sallar nan a gidan surukaina maganata aka yi da nama, wai wace irin uwa ce. Har yau akwai wadda in mun haɗu a biki sai ta ce 'yar Amurka an dawo? Shekara nawa yanzu. To ku maza ku gode Allah ku kewa kaɗai kuke fama da ita.

Ɗan Kurna:
To Malama gaskiya ai ba ɗaya ba ne, uwa daban uba daban. Yarinya 'yar shekara uku fa.

'Yar Gwale:
Malam da kuɗin da na dawo da shi na biya mata makarantar da take yanzu, kuma na saya wa babanta Adaidaita biyu da ake masa aiki da su. Lokacin ba wanda ya ce uwa daban uba daban.

Maman Sadik:
Faɗa masa dai.

Malam Na Banjul:
Allah ya gafarta Malam Ustaz in kana kusa ga tambaya, tana damuna tun bara. Mu da muke turo kuɗi a yanka a gida, layyarmu ta yi? Kuma in ranar idin ta saɓa fa, kamar su Baban Ilham da wani lokacin sai Najeriya ta yi da kwana ɗaya su suke yi?

Ustaz Na Tudun Wuzirci:
Wa alaikumus salam. Wakilci a layya ya halatta, ka yi niyya ka wakilta musulmi ya yanka maka, duk da an fi so mutum ya yanka da hannunsa in yana nan. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanka sai limamin idi ya yanka nasa, kuma limamin garin da dabbar take ake dubawa, kwanakin yanka uku ne, ranar sallah da biyu bayanta, da rana ba da dare ba. Sallar idi kuwa mutum ya bi jama'ar garin da yake, kada ya ce Sarkin Musulmi ya sanar shi zai yi nasa shi kaɗai a ɗaki. In rana ta saɓa, malamai sun yi magana a kai, mafi yawa wajen yankan suke dubawa, amma mafita mai sauƙi a ce wa 'yan gida su bar naka ragon zuwa washegari, ka ga rana ta haɗa ku ba sauran shakka. Amma Baban Ilham ka lura, layya sunna ce, rufin gida ma ba laifi ba ne, ita kuwa uwa hakkinta ba a wakilta shi. Ban ce ka zo ba ban ce kar ka zo ba, cewa na yi ka tambaye ta kai tsaye kada ka tsaya fassara shirunta. Wallahu a'alam.

Ɗan Kwari:
Malam ga wata shawara ta 'yan kasuwa. Me zai hana ka gangaro Guangzhou ka yi sallar da mu? Jirgin ƙasa mai gudun nan wajen awa takwas ne daga wajenku. Unguwar Xiaobei ka san Hausa kamar kana Kwari, akwai masu tuwo akwai masu waina, yaran shagonmu biyu suna can yanzu ni ma ina shigowa saura sati. Idi muna yi a masallacin nan na wajen kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas cika yake maƙil. Ka faɗi abin da kake so in taho maka da shi, kilishi ko dambun nama.

Ustaz Na Tudun Wuzirci:
Alhaji gyara kaɗan, kabarin da ake jingina masa dai. Abin da ya tabbata a wajen malaman tarihi Sa'adu a Baƙi'a aka binne shi a Madina.

Ɗan Kwari:
To Allah gafarta, mu dai haka muka tarar ana faɗa.

Baban Ilham:
Alhaji na gode ƙwarai amma kar ka ɗauko nama, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga, ƙwacewa za su yi ka yi asara. In dai za ka taimaka kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, daddawar ma a naɗe ta sosai don wancan karon duk kayana sai da suka ɗauka. Shawarar Guangzhou kuma ta shiga raina ba kaɗan ba.

Baba Mai Ritaya:
Yarana sannunku. Jikata ce take rubuta min ina faɗa, ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Na karanta duk abin da kuka ce, wato an karanta min. Ni na koyar a Sabha ta ƙasar Libiya shekara shida tun wasunku ba a haife su ba. Lokacin ba wannan wayar, kaset muke ɗauka mu yi magana a ciki mu ba mai tafiya, su ma su ɗauko nasu su aiko, gaisuwar ƙaramar sallah takan iso ana shirin babba. Kasetin farko da aka aiko min mahaifiyata ba ta iya gama magana ba. Na shekara ta huɗu kuwa lissafin buhunan gero ne da maganar auren ƙanwata, a ƙarshe aka ce kowa yana gaishe ka. Don haka abin da yaron nan yake faɗa na san shi, ba shagwaɓa ba ce kamar yadda na Kurna yake gani.

Kafin in tafi ni nake yanka a gidanmu tun da mahaifinmu ya tsufa, akwai wata wuƙa tasa mai ƙotar ƙaho da ya saya a Kurmi ita ya miƙa min. Da na tafi aka ba ƙanena. Na dawo da kuɗi, na gina gida a Gwammaja, na kai tsohuwa Makka, duk an yi alhamdu lillahi ban yi nadama ba. Sallar farko da na dawo muka sauko daga idi na cire babbar riga na naɗe hannu, sai na ga an kawo wuƙar an wuce ni an miƙa masa, ba da wata manufa ba, yaran gidan ma ba su san ni na taɓa yi ba. Na tsaya na riƙe masa ƙafa. Ban ce komai ba shi ma bai lura ba. Yau shekara talatin da wani abu wuƙar tana wajensa, yanzu ma ɗansa ne yake yi.

Ba ina ce maka ka zubar da kuɗin rufi ba ne. Amma masu cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, ba kora ake yi ba, gurbin ne yake cikewa a hankali kamar rijiyar da aka daina ja. In ba za ka zo bana ba to ka sa ranar da za ka zo ka faɗa musu, su riƙa ƙirgawa.

Ɗan Kurna:
Baba a gafarce ni, ban ce shagwaɓa ba ce. Talauci ne yake sa mu magana da zafi.

Baba Mai Ritaya:
Na sani ɗana. Allah ya hore maka ragon bana.

Maman Hanan:
Baba ya yi magana amma fa ku lura shi ma sai da ya gina Gwammaja tukunna.

Baban Ilham:
Salam, ku yi haƙuri na ɓace, dare ne ya yi a nan sannan da safe ina da aji biyu. Na bi maganar Ustaz amma ban iya tambayar Hajiya kai tsaye ba, kun san ba a haka da su, sai na kira ƙanena na zagaya. Ashe tun farkon Zulƙida ta sa shi ya tambayo mata kuɗin jirgi daga nan, da ya faɗa mata ta yi salati ta ce kar wanda ya kuskura ya yi min zancen zuwa, wai in na ji zan fasa rufi. Shi ne lissafin da aka yi ba ni. Maman Ilham kuma na sake kira da sabis mai kyau, Malama 'Yar Gwale kin faɗi kala uku to tata ta huɗu ce, ita rufin take so amma ba ta so a ce ita ta hana ni ganin Hajiya.

Na kama kujera ta ranar Lahadi, ban biya ba tukunna sun ba ni zuwa gobe. Abin da ya rage zai rufe ɗaki biyu da falo in an yi da kwano mai sauƙi, sauran sai bayan damina. Ban faɗa wa Hajiya ba don na san faɗa za ta yi.

Maman Hanan:
Hmm. Ni dai na faɗi nawa. Ka sa a ja leda a kan sauran bulon aƙalla, kuma kar ka ba magini kuɗin gaba ɗaya.

Ɗan Kwari:
To kukar da kuɓewar fa, in fasa?

Baban Ilham:
Fasa Alhaji na ɗauko da kaina a Rimi. Yanzu dai wa ya san telan da zai karɓi ɗinki, shaddar da nake da ita duk ta sha hoto a jirgin ƙasa.

Na Ƙofar Mata:
Saura kwana goma sha biyu kake neman tela a Kano? Nawa tun azumi kayana suke wajensa ya daina ɗaga wayata.

Ɗan Kurna:
Akwai wani yaro a layinmu bai yi suna ba tukunna shi ya sa yake cika alkawari, aiki dai ba zai yi maka a wuya ba sai dai sada. Turo awonka ta inbos in kai masa yau bayan la'asar, yadin kuma Alhaji ya ba da bashi.

Ɗan Kwari:
Bashi a Kwari ana saura kwana sha biyu sallah? Ya turo alat dai, yuwan ma ina karɓa.